Waƙar Baba a Rediyon Gwaggo

Zuwa ga Gwaggona,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata takardar nan ta same ku lafiya, ke da Baba. Yaya jikinsa? Yaya ƙafarki da ke kumbura in kin daɗe a kan keken ɗinki? Ni ƙalau nake, sai tsayuwar kantin magani, tun safe har yamma ina fama da rubutun likitoci wanda su kansu ba lalle su iya karanta shi ba.

Kin ce waya ta gaisuwa ce kawai, in magana ce mai nauyi a rubuto, don ki karanta wa Baba a tsanake, tunda bakinsa bai sake buɗewa ba tun da ɓarin jikinsa ya shanye. To, ga magana mai nauyi.

Kin san ina waƙa. Mu 'yan kaɗan ne, muna haɗuwa a wani ɗaki a saman kantin littattafai bayan an tashi aiki. Kowa shi ke rubuta waƙarsa, shi ke sa mata kari, shi ke rerawa, kuma ba wanda ya yi kama da wani. Yanzu mun shirya taro: za mu ɗauki waƙa guda ta wani na gaba da mu, kowa ya rera ta da salonsa a gaban jama'a. Da aka ce wace waƙa za a ɗauka, ban san lokacin da bakina ya ce "ta Babana" ba. Ina nufin wadda ke cikin kaset ɗinki, mai cewa "na share ɗaki, na buɗe taga, ina jiran ki."

Gwaggo, ban taɓa jin Baba yana waƙa da kunnena ba. Ina ƙarama Mama ta rasu, shi kuma ya rataye jitarsa. Ban san ko yana son abin da nake yi ba, ban san ko haƙuri kawai yake yi da ni ba. Ina so ya ji ni ina rera waƙarsa, ya nuna mini ko da ido ne cewa ya yarda. In bai yarda ba, ba zan hau dandamali da ita ba.

Ki sa kaset ɗin a rediyonki, ki kara waya, ki ɗauko mini.

Ɗiyarki,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Na amsa sallamarki. Muna nan lafiya daidai gwargwado. Babanki yana cin abinci, yana barci, mai gashin ƙashi yana zuwa yana lanƙwasa shi kamar sabon tufa. Ƙafata kuwa ki bar ta, ta fi ki shekaru, ta san abin da take yi.

Na karanta masa takardarki. Da na zo wurin waƙa sai ya kafa mini ido, bai ƙifta ba har na kai ƙarshe. Ni na ɗauka yarda ce, amma da sharaɗi, kuma ni zan faɗi sharaɗin tunda ni ce bakinsa.

Ki saurara da kyau. Ƙanena ba mawaƙin wasa ba ne. A zamaninsa in ya ɗauki jita a ƙofar shagon aski, har mai aski yakan manta da kan da ke gabansa. Shi ya rubuta, shi ya kaɗa, bai taɓa aron baitin kowa ba. Wannan kaset shi kaɗai ya rage, kuma ni ya aika wa shi ina gidan aurena, ba wani ba. Kaset ɗin ya bi ni gida uku, ya ga mutuwar mijina, ya dawo tare da ni ɗakin nan. Kullum da safe sai na sa masa shi kafin in hau keke. Yana jin waƙar ta fara sai ya ɗauki cokalin shayi da hannunsa mai lafiya ya dinga buga ƙarfen gado. Ki ga irin son da yake mata.

Waƙar nan ta baƙin ciki ce, mai nauyi, a hankali take tafiya kamar mai ɗauke da tulu a ka. Haka za ki rera ta. Kada ki ƙara, kada ki rage, kada ki yi mata wannan lanƙwasar murya taku ta 'yan zamani. Abokanki kuwa ban san su ba, ban san iyayensu ba, amma ki gaya musu waƙar nan tana da masu ita, kuma suna raye.

Na kara wayar a jikin rediyo na ɗauko miki. Ƙarar da za ki ji a tsakiya almakashina ne ya faɗi, ba ya cikin kiɗan, kada ki kwaikwaya.

Na gaya wa matar mai shagon ƙasa cewa za a rera waƙar ƙanena a babban taro. Na faɗa mata ne don na san kafin azahar duk layin ya ji.

Gwaggonki

*

Zuwa ga Gwaggona,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya ƙara wa Baba sauƙi. Mura ta ɗan taɓa ni, amma mai aiki a kantin magani ba ta da bakin kuka.

Saƙo ya iso. Da na kunna shi a ɗakinmu, kowa ya yi tsit. Ni kuwa kaina ya yi girma har na ji kamar ƙofa ba za ta ishe ni fita ba. Muryar Baba ce, mai kauri, tana jan kowace kalma.

Ga abin da kowa ya yi da ita, na turo miki duka huɗu a waya.

Ta farko ta Malama ce. Malamar firamare ce, ba ta taɓa kayan kiɗa ko ɗaya. Murya zalla take waƙa, ta rufe ido, ta ɗora hannu a ƙirji, tana barin shiru mai tsawo tsakanin baiti da baiti. In tana yi har numfashin mutane ake ji.

Ta biyu ta Tagwaye ce. Ba tagwayen gaske ba ne, ya da ƙanwa ne masu sayar da fure, mu muka sa musu sunan. Ɗaya ta ɗauki sama, ɗaya ta ɗauki ƙasa, muryoyin su nannaɗe da juna har ki rasa ta wa ce ta wa. Sun sa ɗan tafi a amshi.

Ta uku ta Dogo ce, kuma tun yanzu ina ba ki haƙuri. Direban motar burodi ne, yatsunsa ba sa zama wuri ɗaya a kan tsirkiya. Ya ce shi duk yadda ya yi ya ja ta a hankali sai ta ƙwace masa, wai waƙar gudu take so. Na yi masa faɗa, na ce Gwaggo ta ce waƙar tana da masu ita. Ya ce a gaishe da masu ita, amma shi haka ya ji ta.

Ta ƙarshe tawa ce. Na bi umarninki sau da ƙafa. Na sassauta tsirkiyoyin jitata har suka sauko daidai da nasa, na danne muryata ƙasa har maƙogwarona ya yi ciwo. Inda ya ja, na ja, inda ya tsaya, na tsaya. Malama ta ce in ta rufe ido sai ta ɗauka kaset ɗin ne. Ban taɓa jin yabon da ya kai wannan daɗi ba.

Ki sa masa su a jere, tawa a ƙarshe. Ki kalli fuskarsa da kyau, ki rubuto mini duk abin da kika gani.

Ɗiyarki,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Muna lafiya. Ki sha ruwan ɗumi saboda murar.

Kin ce in rubuto abin da na gani, to ga shi, ba ƙari.

Ta Malama ya saurara a natse. Matar nan tana da tarbiyya, ki gaishe ta. Ta masu fure ya ɗan karkato kai. Ni ban ga dalilin da zai sa mutum biyu su taru a kan aikin mutum ɗaya ba, amma ba laifi.

Shi kuwa wannan direban burodi, Allah ya shirye shi. Waƙar da ake ji a yi hawaye ya mayar da ita ta rawa. Yana farawa Babanki ya hau bugun gado da cokali kamar zai karya shi, ƙafarsa tana motsi, bakinsa yana rawa, har wani sauti ya fito daga maƙoshinsa. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ban bari ta kai rabi ba na kashe.

Sai taki. Ni dai na yi kuka, don kin yi ta yadda take. Amma shi, da kika kai baiti na biyu, sai ya saki cokalin, ya ja jikinsa da ƙyar ya juya ya fuskanci bango. Na kira shi bai waiwayo ba. Ranar ko shayinsa bai sha ba.

Ban san abin da zan ce miki ba. Ki ɗan dakata tukuna.

Gwaggonki

*

Auta,

Lafiya kuwa? Direban da ke kawo takardunki ya zo ya koma, ya sake zuwa ya koma, hannunsa wayam. Na kira wayarki tana ta ringi ba ki ɗauka ba, daga baya kika turo wai "ina aiki." Ni za ki gaya wa aiki? Na yi ɗinkin amare bakwai a mako guda ban taɓa kasa amsa sallamar babba ba.

Jinin Babanki ya ɗan hau, likita ya canza masa ƙwaya. Duk wanda ya turo ƙofa sai ya kalli hannunsa ko da takarda. In fushi kike da ni, ki yi, na saba. Shi kuwa bai da bakin ba ki haƙuri, kuma kin sani.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Ki yafe mini shirun. Ki tabbata yana shan sabuwar ƙwayar bayan ya ci abinci.

Ba fushi nake ba. Na karanta layin nan naki na bango har takardar ta yi laushi. Na gane. Na ba shi iyakar abin da nake da shi, na kwaikwaye shi har numfashi, ya juya mini baya. Ba sai an ƙara mini bayani ba.

Na gaya wa su Malama na janye waƙar, ni ma ba zan hau ba. Sun ce za su jira ni har ƙarshen wata kafin su zaɓi wata, na ce kada su ɓata lokacinsu. Jitar tana saman kwaba cikin jakarta. Zuciyata ta karye, Gwaggo, ba zan ɓoye miki ba. Amma aikin kanti yana nan, kuma ba wanda ya taɓa juya mini baya don na miƙa masa magani.

Auta

*

Zuwa ga Auta,

Muna lafiya, jinin ya sauka. Ki sauko da jitar nan daga saman kwaba kafin ki ci gaba da karatu. Ina jira.

Shekaranjiya da safe na sa kaset kamar kullum, sai rediyon ya yi wani gurnani ya tsaya cak. Na zaro kaset ɗin a hankali, na naɗe shi da fensir, na ga bai tsinke ba. To a ina zan gwada shi? Duk layinmu ba mai rediyon kaset sai tsohon mai tasi na ƙarshen layi, wanda motarsa ta fi shekara a kan duwatsu ba taya. Na yafa mayafi na same shi. Ya share mini kujerar gaba, ya kori kaza daga ta baya, ya haɗa batir. Ki ƙiyasta ni, da girmana, zaune a motar da ba ta zuwa ko'ina.

Ya tura kaset. Sai na ji wani saurayi mai siririyar murya yana waƙa da gudu, jita tana tsalle a bayansa, yana yi yana dariya. Na ce, "Malam, wannan ba nawa ba ne, ka sa mini nawa." Ya ce, "Ai naki ne, ga shi ke kika miƙo mini." Na ce to motarka ce ta lalace. Ya ciro wani kaset ya sa, ya tafi daidai. Ya mayar da nawa. "Na share ɗaki, na buɗe taga." Ƙanena ne, Auta. Ƙanena yana da shekara ashirin da 'yan kai.

Mai tasi ya ce robar da ke juya kaset a rediyona ce ta saki, kuma ba rana ɗaya take saki ba, kaɗan-kaɗan take yi shekara da shekaru. Wato ni da rediyon tare muka tsufa, yana rage gudu ina rage gudu, ban taɓa lura ba. Laifin rediyo ne, kada ki ce na ce nawa ne.

Ina zaune a motar nan sai abin ya dawo mini. Kaset ɗin ya zo mini ne a watan da aka haife ki. Uwarki tana asibiti da ke, shi kuma yana gida shi kaɗai ya rasa inda zai sa kansa don murna, ya share ɗaki ya sake sharewa. Ke yake jira. Bayan ta rasu ne kunnena ya mayar da ita ta makoki, rediyo kuma ya taya ni.

Na koma gida na sa masa ta direban burodi tun daga farko, na zauna na kalli hannunsa. Cokalin yana faɗuwa daidai da kiɗan, bai kuskure ko sau ɗaya ba. Sautin nan da na ce miki ɓacin rai ne, dariya ce. Shekara biyu bawan Allah yana buga mini gado yana cewa in ƙara gudu, ni kuma ina ƙara masa shayi.

Yanzu ki yi tunani. Mutum ya yi wa 'yarsa waƙar murna ranar da ta zo duniya, sai ga 'yar ta girma ta rera masa ita da muryar tsoho kamar ana zaman makoki. Ke ba za ki juya bango ba? Ba waƙarki ya ƙi ba. Ni ya kamata ya juya wa baya, to ni ce ke juya shi.

Na ɗauko miki ta gaskiyar daga motar. Ki ba Dogo haƙuri, amma kada ki cika, kansa zai fashe.

Gwaggonki

*

Zuwa ga Gwaggona,

Ina gaishe ku da murya mai ƙarfi. Murar ta tafi. Ki gaishe da mai tasi da kazarsa.

Na saurare ta a bayan kanta, mai kantin ya same ni ina dariya ina hawaye, ya tambaya ko wani abu na sha daga cikin kaya. Ashe haka Baba yake. Ashe muryarsa kusa take da tawa, ni da na yi ta danne ta.

Na gaya wa su Malama. Dogo kuwa tun ranar yake tafiya kamar shi ya gina benen. Malama ta ce ita ba za ta canza tata ba, a hankali ta ji ta kuma a hankali za ta yi ta, Tagwaye ma haka. Na ce daidai ne, don haka muka taru.

Ni ce na rasa wurin tsayawa. Na gwada ta da gudun Baba, sai na ga kwaikwayo ne dai na sake yi, kuma Dogo ya fi ni iyawa. Sai na tambayi kaina, in da ni ce na yi ta, yaya zan yi? Ni ba mai jira ba ce a waƙar nan, ni ce wadda ake jira. Na bar baitocinsa yadda suke, da yatsa biyu a kan jita, ba gudu ba ja. A ƙarshe na ƙara baiti ɗaya nawa, amsa: "ga ni na iso, ɗakin ya yi, bar tagar a buɗe."

Kin ce kada in ƙara, kada in rage. Na ƙara. Taron ranar Asabar ne, kuma maganata tana nan: in bai yarda ba, ba zan hau ba. Gabana yana faɗuwa, amma wannan tawa ce.

Ɗiyarki,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Lafiya lau muke. Na ba direban da ke kai takardunmu wannan da hannuna na ce in bai kai miki kafin Asabar ba, kada ya sake biyowa ta layinmu.

Da na ga kin ƙara baiti na ɓata rai, don ban saba a tsallake maganata ba. Na zaunar da shi, na sa masa matashi biyu a baya, na ajiye wayar a kan cinyarsa, na koma kan keke na yi kamar ina ɗinki.

Ya saurara har ƙarshe bai motsa ba. Da ta ƙare ya nuna wayar da haɓa, na sake sawa. Ya sake nunawa. A karo na uku ne, da kika zo baitinki, na ji wata murya a ƙarƙashin taki. Na ɗauka maƙwabta ne. Na ɗaga kai sai na ga bakinsa ne. A karkace, a shaƙe, rabi yana fita rabi yana maƙalewa, amma kan kari yake, kuma na ji kalmomin sarai: "ga ni na iso." Allura ta shige mini yatsa ban ji ba.

Mai gashin ƙashi ya ce hakan yana faruwa, wai wani kan iya rera abin da ba zai iya faɗa ba, kada in sa rai da yawa. Na ce masa ya ji da lanƙwasarsa. Ni dai na san shekara biyu ina wanke mutumin nan ina ciyar da shi, ko sunana bai kira ba. Baitocinsa da ya rubuta da hannunsa sun wuce sau uku bai bi ko ɗaya ba. Naki ya bi.

Ba zan ce ban ji kishi ba. Amma alfaharin ya fi kishin yawa, har na rasa wanda zan gaya wa, na sauka na gaya wa matar mai shago, na wuce na gaya wa mai tasi, na dawo na sake gaya wa matar mai shago.

Ki hau ranar Asabar. Ki sa rigar da na ɗinka miki mai ruwan toka, ki tsaya da kyau, kada ki rusuna kamar mai neman afuwa. In an tambaye ki waƙar wa ce, ki ce ta ku biyu ce.

Yanzu haka da nake rubutun nan yana can yana gwada sauran baitin. "Bar tagar" ce take ba shi wuya, amma ya ƙi bari in taya shi.

Gwaggonki